Shin Mai Ƙirƙirar Wasa Yana Jin Daɗin Wasansa? Amsa Daga Ilmin Halittu

Gabatarwa

Duk wanda ya tashi a Sabon Garin Gusau, ko a Tsafe, ko a Bungudu, ya san yadda yara ke haɗa motar kara idan an gama girbin dawa. Yaro zai wuni yana ɓare kara, yana soka tsinke a cikin totuwa, yana yanka tsohon silifas domin ya fid da tayoyi, har a kira shi cin abinci ya ƙi tashi. Amma da zarar mota ta haɗu, sau da yawa sai ya ja ta zuwa bakin layi ya dawo, ya miƙa wa ƙanensa, ya koma neman karan da zai haɗa wata. Ƙanen kuwa zai yi ta jan ta har tayoyin su fita.

A yau wasu daga cikin ɗaliban sakandare da na manyan makarantu sun ƙara da wani sabon nau'in ƙira, wato tsara wasannin kwamfuta da na wayar hannu domin sha'awa, ba domin neman abinci ba. Manhajoji irin su Scratch, wadda Cibiyar Fasaha ta Massachusetts da ke Amurka ta fitar a shekarar 2007, sun sa ɗalibin da bai yi zurfi a ilmin kwamfuta ba yana iya haɗa ɗan ƙaramin wasa cikin 'yan kwanaki. Sai dai abin da ke samun mai motar kara shi ne ke samun mai tsara wasan kwamfuta. Bayan ya shafe makonni yana aiki, sai ya zauna zai buga wasan ya ji shi salam, kamar miyar da ba gishiri. Daga nan sai ya yanke hukuncin cewa wasan ba shi da kyau, ko kuma shi ne ba shi da basira, ya yi watsi da aikin gaba ɗaya.

Wannan maƙala za ta duba ko hukuncin nan daidai ne. Za ta bi tambayar ta fuskar ilmin halittu, musamman yadda ƙwaƙwalwa ke mu'amala da abin da ta riga ta sani da kuma abin da ya zo mata ba zato.

Me Ya Sa Halittu Ke Wasa?

Wasa bai taƙaita ga ɗan Adam ba. 'Yan awaki suna tsalle-tsalle a kan turmi da katanga, 'yan kyanwa suna farautar tsumma, 'yan kwikwiyo suna kokawa. Wasa yana cin ƙarfi, yana kuma iya jawo rauni, don haka masana suka daɗe suna tambayar amfanin da yake yi wa dabba. Ɗaya daga cikin amsoshin da suka samu karɓuwa ita ce wadda Marek Spinka da Ruth Newberry da Marc Bekoff suka gabatar a shekarar 2001. A ganinsu, wasa horo ne na fuskantar abin ba-zata. Dabbar da ke wasa takan jefa kanta da gangan cikin halin da ba ta da cikakken iko a kansa: ta yi tsallen da zai iya kayar da ita, ko babba ya kwanta ya bar ƙarami ya hau kansa. Ta haka take koyon yadda za ta farfaɗo ranar da santsi ya kwashe ta da gaske, ko maƙiyi ya auko mata.

Idan haka ne, to rashin sanin abin da zai faru shi ne gishirin wasa. Daga nan matsalar mai ƙirƙirar wasa ta samo asali, domin shi ne mutumin da ya fi kowa sanin abin da zai faru.

Darasi Daga Cakulkuli

Mai karatu na iya gwada wani abu kafin ya ci gaba: ya yi wa kansa cakulkuli a tafin ƙafa ko a haƙarƙari. Zai ji taɓawar, amma ba zai yi dariya ba. Idan kuwa wani ne ya taɓa wurin da irin wannan ƙarfin, sai ya zabura. Fatar ɗaya ce, jijiyoyin da ke kai saƙo su ne dai, to ina bambancin yake?

Bambancin yana cikin ƙwaƙwalwa. Duk lokacin da ƙwaƙwalwa ta aika wa hannu umurnin motsi, takan ajiye kwafin umurnin, ta yi amfani da shi wajen hasashen abin da jiki zai ji. Idan saƙon da ya dawo daga fata ya yi daidai da hasashen, sai a rage masa ƙarfi, domin babu sabon labari a cikinsa. Masanan Jamus biyu, Erich von Holst da Horst Mittelstaedt, sun bayyana wannan ƙa'ida tun a shekarar 1950.

A shekarun 1998 da 1999, Sarah-Jayne Blakemore da Daniel Wolpert da Chris Frith sun gwada ƙa'idar a kan mutane a birnin Landan. Da na'urar ɗaukar hoton ƙwaƙwalwa suka ga cewa sashen da ke karɓar saƙon taɓawa ba ya motsawa sosai idan mutum ne ya taɓa kansa, kuma ƙaramar ƙwaƙwalwa da ke wajen ƙeya, wadda ake kira sarabalam, tana da hannu a wannan hasashe. Sannan suka haɗa wata na'ura wadda mutum zai motsa da hannun hagu, ita kuma ta shafi tafin hannunsa na dama da soso. Idan na'urar ta bi motsin nan take, mutum ba ya jin cakulkuli sosai. Da suka sa ta jinkirta da kimanin kashi ɗaya cikin biyar na sakan, ko ta karkata daga inda hannun ya nufa, sai cakulkulin ya ƙaru. Wato ɗan wannan saɓani ya isa ya sa ƙwaƙwalwa ta ɗauki taɓawar kamar daga wani ta fito.

Ko gyare ma yana da irin wannan tsari. Namijin gyare yana kuka ne ta hanyar goga fukafukansa na gaba, kunnuwansa kuwa suna kan ƙafafunsa na gaba, dab da inda ƙarar ke fita. A shekarar 2002, James Poulet da Berthold Hedwig na Jami'ar Kambirij da ke Ingila sun nuna cewa a daidai lokacin da gyare ke kuka, jijiyoyinsa suna aika saƙon da ke dushe jinsa, domin kada kukansa ya kurumtar da shi ga motsin da ke kewaye. An halicci jiki a kan ya rage kula da abin da shi ya haifar, ya tanadi hankalinsa domin abin da ke zuwa daga waje.

Mai tsara wasa da ya zauna buga wasansa yana kama da mai yi wa kansa cakulkuli. Shi ya haƙa ramin, shi ya ɓoye dodon a bayan ƙofa ta uku, shi ya ƙayyade saurin da zai fito da shi.

Sinadarin Dofamin da Lissafin Ba-Zata

A tsakiyar ƙwaƙwalwa akwai wasu ƙwayoyin jijiya da ke fitar da sinadarin da ake kira dofamin. Arvid Carlsson ɗan ƙasar Suwidin ne ya tabbatar, a ƙarshen shekarun 1950, cewa sinadarin manzo ne tsakanin ƙwayoyin jijiya, kuma ya samu kyautar Nobel a shekarar 2000. Daga baya Wolfram Schultz, lokacin yana Jami'ar Fribourg a ƙasar Suwizalan, ya shafe shekaru yana auna aikin waɗannan ƙwayoyi a kan birai. Sakamakon da ya buga tare da Peter Dayan da Read Montague a shekarar 1997 ya nuna abubuwa uku:

1. Idan aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace a baki ba tare da ya yi tsammani ba, ƙwayoyin sukan yi aiki da ƙarfi nan take.

2. Idan aka saba masa da cewa wata alama, kamar haske ko ƙara, tana zuwa kafin ruwan, sai ƙwayoyin su koma amsa alamar. Lokacin da ruwan ya iso ba sa ƙara komai, domin an riga an san da zuwansa.

3. Idan alamar ta zo amma ruwan bai biyo baya ba, sai aikin ƙwayoyin ya faɗi ƙasa da yadda yake a da, a daidai lokacin da ake sa ran ruwan.

Ma'ana, ƙwayoyin suna auna tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. A shekarar 2001 Gregory Berns da abokan aikinsa a Jami'ar Emory da ke Amurka sun ga makamancin haka a jikin mutane: sassan ƙwaƙwalwa masu alaƙa da lada sun fi motsawa idan ruwa da ruwan 'ya'yan itace suna zuwa baki ba bisa tsari ba, fiye da idan suna zuwa a jere yadda za a iya hasashe. A shekarar 2003 kuma, Schultz da Christopher Fiorillo da Philippe Tobler sun gano cewa a lokacin jira, aikin ƙwayoyin dofamin ya fi hauhawa idan damar samu da ta rashi suka zama daidai wa daida. Wannan na daga cikin dalilan da suka sa wasan ƙwallon da aka tafi hutun rabin lokaci kunnen doki ya fi riƙe 'yan kallo, kuma shi ne ƙugiyar da caca ke kama matasa da ita har ta tsiyata su.

Ya kamata a lura cewa dofamin ba shi ne daɗin kansa ba. Kent Berridge na Jami'ar Michigan ya nuna cewa ɓerayen da aka rage musu dofamin ƙwarai suna lasar baki idan aka sa musu sukari a harshe, amma ba sa tashi su nemi abinci ko da yana gabansu. Saboda haka ya bambanta jin daɗin abu da ɗokin neman sa, ya danganta dofamin da na biyun. Ta wannan ma'auni, mai tsara wasa na iya ganin kyan zanensa da sautinsa, amma ya rasa ɗokin da ke sa ɗan wasa ya ce bari ya ƙara sau ɗaya kafin ya kwanta.

Sabo

Akwai dalili na uku, wato maimaici. Manomin Bungudu ya san cewa mutum-mutumin da ya kafa a gonar gero yakan kori tsuntsaye ne na 'yan kwanaki, daga nan sai su saba har su riƙa sauka a kansa. Maƙwabcin mai injin markaɗe yakan daina jin ƙarar, sai baƙo ya zo ya yi ƙorafi. Matar da ta wuni a madafa takan ce ƙamshi ya ƙosar da ita, alhali waɗanda suka shigo daga waje yawunsu na tsinkewa. Masana suna ɗaukar wannan sabo a matsayin mafi sauƙin nau'in koyo. Eric Kandel, wanda ya raba kyautar Nobel da Carlsson a shekarar 2000, ya bi diddiginsa a jikin wata dodon-koɗin teku mai suna Afilisiya. Idan aka taɓa ta, takan janye sassan numfashinta. Idan aka yi ta maimaita taɓawar ba tare da cutarwa ba, sai janyewar ta yi ta raguwa, saboda ƙwayoyin jijiyar da ke kai saƙon sun rage yawan sinadarin da suke fitarwa a mahaɗarsu da ƙwayoyin motsi.

Mai tsara wasa ba ya buga matakin farko sau ɗaya ko sau biyu. Duk lokacin da ya gyara kuskure sai ya sake bugawa domin ya ga ko gyaran ya zauna. Kafin ya kammala, ya bi wannan matakin sau ɗaruruwa, kuma da idon mai neman aibu yake bi. Masu iya magana sun ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Inda baƙo ke ganin fada da dawaki, shi yana ganin katangar da har yanzu ɗan wasa ke iya ratsawa ta ciki.

Wasanni Iri Biyu: Kacici-Kacici da Dara

Duk da haka, ba kowane wasa ne ke mutuwa a hannun mai shi ba. Wasannin gargajiya na ƙasar Hausa sun isa su nuna bambancin.

Kacici-kacici wasa ne mai sirri guda. Wanda ya ƙulla shi ya san amsa, don haka ba zai taɓa jin abin da mai sauraro ke ji ba lokacin da yake lalube har ya gaji ya ce ya ba da gari. Ko mai sauraron ma, da zarar an faɗa masa amsa, wannan kacici-kacicin ya ƙare masa har abada, sai dai ya kai wa wani. Wasannin kwamfuta masu labari tsararre, ko masu tambaya da amsa, ko masu ɓoyayyar hanya ɗaya, duk 'yan gidan kacici-kacici ne.

Dara kuwa ba ta da sirri ko ɗaya. A irin wadda aka fi sani, ana haƙa gurabe 30 a ƙasa, layi biyar masu gurabe shida-shida, kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, kuma wanda ya jera uku a layi yakan cire ɗaya daga cikin na abokin karawarsa. Ana iya koya wa yaro dokokin cikin ɗan lokaci. Amma a duba wannan lissafi: mai farawa yana da gurabe 30 da zai zaɓa, na biyu yana da 29, sai 28, sai 27. Idan aka ninka su, ajiye 'ya'ya huɗu na farko kaɗai yana iya kasancewa ta hanyoyi 657,720, alhali saura 'ya'ya 20 ba a ajiye ba, ba a kuma fara gusa ko ɗaya ba. Ga kuma abokin karawa mai nasa tunanin. Wannan ya sa dattijo zai shekara arba'in yana dara a gindin bishiya ɗaya bai ƙosa ba. Da a ce wanda ya fara ƙirƙiro dara zai dawo duniya, da an iya cinye shi a gurbin da ya haƙa da hannunsa, dara ta ci gida ke nan.

Ashe sanin dokokin wasa daban ne da sanin yadda wasan zai kaya. Mai ƙirƙira yakan rasa daɗi ne idan abubuwan biyu suka zama ɗaya.

Shaidar Tarihin Wasannin Kwamfuta

Tarihi ya nuna cewa masu ƙirƙira don sha'awa sun daɗe da gane wannan matsala. A tsakanin 1975 da 1976, wani masanin kwamfuta a Amurka mai suna Will Crowther, wanda ke da sha'awar shiga kogunan dutse, ya tsara wasan Adventure, inda ɗan wasa ke rubuta umurni yana yawo cikin kogo yana warware matsaloli. Ya yi shi ne musamman domin 'ya'yansa mata. Wasan ya bazu a jami'o'i, amma irin kacici-kacici ne: wanda ya gama shi sau ɗaya ya san komai.

A shekarar 1980, ɗalibai biyu na Jami'ar Kalifoniya da ke Santa Cruz, Michael Toy da Glenn Wichman, sun riga sun gwada tsara wasanni irin wannan, suka ga cewa su da kansu ba sa jin daɗin bugawa tun da sun san amsoshin. Sai suka tsara wasan Rogue, inda kwamfuta ce ke zana ɗakuna da hanyoyi, ta rarraba dodanni da dukiya ta hanyar ƙuri'a duk lokacin da aka fara sabon zagaye. Ta haka masu wasan suka zama baƙi a gidan da suka gina. Dabarar ta haifar da wani babban rukunin wasanni da har yau ake kira da sunan Rogue.

A tsakanin 1984 da 1985, Alexey Pajitnov, ma'aikaci a cibiyar kwamfuta ta Makarantar Kimiyya ta Tarayyar Sobiyet da ke Masko, ya tsara Tetris a kan kwamfutar Elektronika 60. Siffofi bakwai ne kacal a wasan, kowace an haɗa ta da murabba'ai huɗu, suna faɗowa daga sama ɗan wasa yana jera su. Idan ƙuri'a ce zalla ke zaɓen siffar da za ta faɗo, jerin siffofi goma na farko yana iya zuwa ta hanyoyi fiye da miliyan 282. Pajitnov ya sha bayar da labarin yadda ya kasa daina buga wasan tun bai kammala shi ba, yana fakewa da cewa gwaji yake yi.

Misali na kusa shi ne Wordle, wasan canko kalma mai haruffa biyar, wanda Josh Wardle ya tsara domin abokiyar zamansa, ya sake shi ga jama'a a shekarar 2021, jaridar New York Times ta saye shi a farkon 2022. Wasan irin kacici-kacici ne, kalma ɗaya a kowace rana. Amma kalmomin sun haura 2,000, an kuma cakuɗa jerinsu, har Wardle ya shaida wa gidan rediyon BBC cewa shi ma bai san kalmar ranar ba, don haka yana iya bugawa kamar kowa.

Daɗin da Mai Ƙira Kaɗai Ke Samu

A koma ga yaron motar kara. Ba a ce bai ji daɗi ba. Daɗinsa ya zo ne tun lokacin da yake fama da tayar da ta ƙi juyawa. A wurin babu wanda ya san ko dabarar za ta yi aiki, har shi kansa, saboda haka duk sharuɗɗan da ke motsa ƙwaƙwalwa sun cika. Ga mai ƙira, ƙirar ce wasan. Wannan ya bayyana abin da ya sa da yawa daga masu tsara wasa don sha'awa suke da ayyuka goma da suka fara, ɗaya ko biyu kawai suka kammala: idan manyan matsaloli sun warware, sauran aikin share-share ne wanda ba ya ɗauke da mamaki.

Akwai kuma ƙaunar abin da hannu ya yi. A shekarar 2012, Michael Norton da Daniel Mochon da Dan Ariely sun buga sakamakon gwaje-gwajen da suka sa mutane haɗa akwatunan kamfanin IKEA da naɗe takarda zuwa siffar tsuntsu ko kwaɗo. Waɗanda suka haɗa da hannunsu sun yarda su biya kuɗi fiye da waɗanda aka nuna wa abin a haɗe. Sai dai wannan ƙarin daraja ya ɓace idan mutum bai kammala aikin ba. Darasi ne ga mai yawan fara aiki yana bari.

Daɗi na uku shi ne kallon wani yana bugawa. Mai kacici-kacici yana samun nasa rabon ne a fuskar masu lalube. Mutum ba ya iya hasashen ɗan'uwansa yadda yake hasashen hannunsa, don haka ɗan wasa na farko yakan dawo wa mai ƙira da mamakin da ya rasa.

Makantar Masani

Wannan kallo yana da wani amfani da ya wuce nishaɗi. A shekarar 1990, Elizabeth Newton ta Jami'ar Stanford ta sa wasu mutane su ƙwanƙwasa amon sanannun waƙoƙi a kan tebur, wasu kuma su canki waƙar. Masu ƙwanƙwasawa sun zaci za a gane rabin waƙoƙin. A cikin 120 da aka ƙwanƙwasa, uku kawai aka gane. Mai ƙwanƙwasawa yana jin waƙar a cikin kansa, ya kasa fahimtar cewa abokinsa ƙarar tebur kawai yake ji.

Haka mai tsara wasa yake. Matakin da yake gani mai sauƙi ne yana iya gagarar kowa, wanda yake gani ya gundure shi yana iya zama mafi armashi ga baƙo. Saboda haka ra'ayinsa a kan wasansa, yabo ne ko kushe, ba abin dogaro ba ne shi kaɗai. Kamfanonin wasanni sukan ɗauki mutanen da ba su taɓa ganin wasan ba domin su gwada, masu tsarawa suna kallo ba tare da sun sa baki ba. Malamin aji ma yana cikin wannan hali duk ranar da ya shirya tambayoyin jarrabawa yana ganin kyauta ya bayar, sakamako ya fito ya nuna akasin haka.

Gwaje-Gwajen da Za a Iya Yi a Makaranta

1. Ɗalibai su zauna biyu-biyu, maza da maza, mata da mata. Kowa ya shafi tafin hannunsa da gashin kaza, sannan abokinsa ya shafa masa yana rufe da ido. A ba kowace shafa maki daga 1 zuwa 10, a tara makin aji, a kwatanta.

2. A maimaita gwajin Newton da waƙoƙin da duk ajin ya sani. Kafin a fara, mai ƙwanƙwasawa ya rubuta yawan waɗanda yake zaton za su gane.

3. Kowane rukuni ya ƙirƙiro wasa biyu a kan takarda ko a ƙasa, ɗaya mai amsa guda, ɗaya mai dokoki da ƙuri'a ko abokin karawa. Bayan mako guda a tambayi masu ƙirƙirar wanne ne har yanzu suke marmarin bugawa.

Kammalawa

Amsar tambayar da aka fara da ita ta dogara ne ga irin wasan. Idan wasan ya ginu a kan sirrin da mai shi ya riga ya sani, da wuya ya ji abin da ɗan wasa ke ji, saboda ƙwaƙwalwa tana dushe abin da ta yi hasashe da abin da ta saba da shi. Idan kuwa dokokin wasan suna haifar da sabon yanayi a kowane zagaye, kamar dara da Tetris da Rogue, to mai shi yana iya zama cikin masu son sa na gaba-gaba. Gwaje-gwajen da aka ambata an yi su ne a kan birai da ƙwari da mutane masu sa kai, amma ƙa'idar da suka nuna ta yi daidai da abin da masu ƙirƙirar wasanni suka faɗa da bakinsu.

Saboda haka ɗalibin da wasansa ya gundure shi kada ya yi gaggawar goge shi. Ya ajiye shi na 'yan makonni domin sabo ya ragu. Ya duba inda zai iya shigar da ƙuri'a ko abokin karawa. Sannan ya miƙa wayar ga ƙanensa ko abokin karatunsa, ya koma gefe ya yi shiru, ya riƙe biro da takarda yana rubuta wuraren da ya maƙale da wuraren da ya yi dariya. Da wannan takarda zai san abin da ya kamata ya gyara.